Tafin Hannun Rifkatu

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya ƙaramin gidan likitan da ke bayan kasuwa a wani ƙauye na ƙasar Mayahi ya san Rifkatu Sanda. Doguwa ce, mai saurin tafiya, tana yi wa yaro allura tun bai gama shirin kuka ba. Mata suna ce mata Madam, tsofaffi suna ce mata ɗiyar Sanda. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, wannan matar da suke yabo an taɓa tsayar da ita gaban ƴan'uwanta Kirista kamar wadda aka kama da akuyar sata, aka tuɓe ta daga shugabancin ƙungiyar da ita ce ta tara ta. Kuma ba a kan komai ba sai a kan hoto guda na salula. Har yau in aka tuna da zancen sai ran mutum ya ɓaci.

A wani ƙauye kusa da Kona aka haife ta, inda gidajen Kirista ba su cika yatsun hannu ba. Majami'arsu ɗakin laka ne da rufin kwano, fasto kuwa yakan zo a kan babur in yashi ya bar shi ya wuce. Ubanta Sanda manomin gero da wake ne, ba shi da yawan magana. Wadda ta riƙe yaran majami'ar ita ce Inna Tanna, wata gajeriyar tsohuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta taɓa zama a benci na lakwal, wato makarantar boko, ba, amma tana karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa tana bin layi da yatsa, kuma in ta harare ka daga bakin rijiya sai ka ji a jikinka ko kana bayan danga.

Ita ce ta kafa ƴan Alhamis. Kowace Alhamis da la'asar ƴan matan majami'a sukan taru a tsakar gidanta, a buga tulu, a yi waƙa, kowa ta kawo ayar da ta haddace. Daga nan sai Inna ta ɗaura ɗankwali ta ce a tashi. Gidan da aka yi haihuwa, gidan da wani ke kwance, gidan da aka yi rashi, can za a nufa, kuma ba ta taɓa tambayar ko masu gidan ina suke kallo in za su yi addu'a ba. Ai kusan duk gidajen garin na Musulmi ne, in an tsaya zaɓe sai dai a zauna a gida.

"In kunka shiga gidan makoki kar in ji wata ta ce mi za ta yi," haka takan gaya musu a hanya. "Ki duba inda turmi yake. In turmi da mutum, ki ɗau guga."

Rifkatu ta fara bin su tun taɓarya ta fi ta tsawo. A nan ta koyi cewa wadda ake kira babba a cikin ƴan Alhamis ita ce wadda ta fara kama taɓarya kuma ta ƙarshen ajiye ta. A nan ta koyi yin addu'a cikin ranta hannunta yana aiki, don a gidan mutane ba a ɗaga murya. A nan kuma ta sha faɗan da bai taɓa barin kunnenta ba.

Ranar sun dawo daga dakan gumbar sadaka a gidan wani maƙeri da ya rasu. Ƴan matan suka tsaya gindin gawo suna gwada tafin hannu, kowa tana nuna bororon da taɓarya ta yi mata, ana gardamar wa ta fi. Rifkatu ce ta ci gasar, don nata har ya fashe. Tana cikin ɗaga hannu sama tana washe baki sai ta ji an kama wuyan hannun ta baya.

"Wa kike nuna ma?" in ji Inna Tanna.

Rifkatu ta dunƙule hannun.

"Don maƙeri kinka yi daka, ko don ƴan uwanki su tafa maki? Ki ji da kyau, ɗiyata. Hannun da ya yi aikin Ubangiji ba a nuna shi. Ki sa shi cikin zane ki tahi gida."

Ta sa hannun cikin zane ta tafi gida tana kuka, ba don zafin bororo ba. Daga ranar ba wanda ya sake ganin tafin hannunta bayan aiki, ko uwarta.

Kanta yana ja, sai karatu ya ɗauke ta: kwalej a Kona, lise a Tasawa, ta ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, ta shiga wata makarantar koyon jinya mai zaman kanta a cikin garin Tasawa. Da ta je ta tarar da Kirista a makarantar, amma kowa ya ja jikinsa. Wani ya zo daga Maraɗi, wata daga Yamai, wasu daga ƙauyuka irin nata, kuma in ba ranar Lahadi ka gan su a hanya da littafi a hammata ba, ba za ka san su ba. Rifkatu ba ta iya zaman haka ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da gaisuwa, da tsokana, da naci, har ta tara su gindin itacen bedin da ke bayan ɗakunan karatu. Ta nemi izinin hukumar makaranta aka ba su wurin. Da aka zo zaɓen shugaba ba a ma yi gardama ba.

Abin da ta sani shi ta kawo musu. Lahadi da yamma waƙa da karatu, Alhamis kuwa aiki. Ɗalibin da zazzaɓi ya kayar a ɗakin haya, a je a wanke masa tufafi a dama masa kunu. Wadda ta haihu a tsakiyar shekara, a je a ɗebo mata ruwa. Ba a tambayar sunan addini a bakin ƙofa. Da farko samarin ƙungiyar suna noƙewa, amma da wuya namiji ya tsaya da hannu a aljihu shugabarsa tana durƙushe gaban bahon wanki. Cikin shekara guda ƙungiyar ta yi ƙarfi, har ɗaliban da ba nasu ba suka san cewa in ciwo ya kama ka ranar Laraba, to ka yi sa'a.

A shekara ta biyu Filibus ya zo, aka ba shi sakatare. A yi masa adalci: yaro ne mai ƙoƙari. Yana kaɗa gita, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, ayoyi kuwa sai dai ka ce ya tsaya. Shi ma ƙungiyar yara ce ta rene shi, amma a birni, a majami'a mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Yana ƙarami ya taɓa tsayawa riƙe da hannun uwarsa yana kallon hayaƙi yana fita ta tagogin majami'arsu, bayan wata tarzoma. Abin da aka koya musu daga nan shi ne tsaro: ka san naka, ka kula da bakin iyaka, kar ka bari a ja ka. Ba wanda zai ga laifin yaron da ya ga wuta don ya ji tsoronta. Laifinsa shi ne ya ɗauka duk wanda bai ji tsoro irin nasa ba, to bangaskiyarsa ce ba ta kai ba.

Rifkatu tana haya ɗaki guda da Raihana, ƴar ƙauyen Atantane, Musulma, ƴar ajinsu. Tukunyarsu ɗaya. Da azumi Rifkatu ce take dama kunun buɗa-baki kafin Raihana ta dawo daga aikin gwaji a asibiti, ranar Lahadi kuma Raihana ce take janye mata zane tana cewa, "Tashi, malama, kar Fasto shi riga ki." Wata safiya aka kira Raihana a waya. Mahaifinta ya faɗi a gona, kafin a kai shi gida rai ya yi halinsa.

Rifkatu ta sa ta a mota, ta dawo ta sami ƴan ƙungiya ta ce a shirya a je gaisuwa. Aka fara kallon juna. Jarrabawa ta matso, hanya ba kyau, Atantane ba nan kusa ba. Filibus ya ce a tura saƙon ta'aziyya da sunan ƙungiya, shi zai rubuta da Faransanci mai kyau. Rifkatu ta dube shi ta ce saƙo ba ya daka gero. Washegari ta shiga motar kasuwa ita kaɗai, tsakanin buhuna da kaji, aka yi ta tura mota a yashi har suka kai.

Ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta shiga ɗaki ta durƙusa ta gaida uwar Raihana, ta fito ta duba inda turmi yake. Gida cike da baƙi, bakin ci da yawa, gero dami-dami. Ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, in an karɓe ta ta ɗauki guga, rijiyar ƙasar nan kuwa sai igiya ta kusa ƙarewa ake jin ruwa. Sai dai hannun da ya yi shekaru yana riƙe alƙalamin bik da safar roba ba hannun ƴar Alhamis ba ne kuma. Tun ranar farko bororo ya tashi. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Zuwa ranar sadakar uku tafin hannayenta biyu sun saluɓe, jini yana ɓata taɓarya.

Gwaggon Raihana, Hamsatu, ita ta lura. Ta fizge taɓaryar, ta zaunar da Rifkatu a tabarma cikin mata, ta kwance tsumman tana salati.

"Ke wace irin yarinya ce? Haka kike daka tun shekaranjiya ba ki hwaɗi ba?"

Ta lakato man kaɗe ta shafe mata hannayen, ta ɗora su a kan gwiwoyinta, tafi yana kallon sama.

"Bar su haka su sha iska. In kinka rufe su sai na saɓa maki."

Ta yafa mata mayafi saboda rana. Daidai lokacin malamai a ƙofar gida suka fara addu'a, muryarsu tana shigowa ta zaure, matan tsakar gida duka suka buɗe hannu. Rifkatu ta dubi Raihana a gefenta tana kuka. Ta rufe ido ta yi abin da ta saba tun tana yarinya: ta roƙi Allah cikin ranta, cikin sunan Yesu, ya riƙe wannan gida, ya sanyaya zuciyar uwa da ɗiya, ya zame wa marayu uba. Wata ƴar'uwar Raihana da ta zo daga birni ta ɗaga salula ta ɗauki matan daga nesa, ta sa hoton inda kowa zai gani, da addu'ar Allah ya jiƙan Baba a ƙasa.

Kafin Rifkatu ta sauka daga mota a Tasawa ranar Asabar, hoton ya riga ta. Ga shugabar ɗalibai Kirista cikin mayafi, ido rufe, hannu buɗe, a tsakiyar masu fatiha. An zagaye fuskarta da jan layi, kamar ba a san ta ba sai an nuna. Ba wanda ya kira ta ya ce, ƴar'uwa, me ya faru? Mutanen da ta wanke wa tufafi, waɗanda ta riƙe wa kai suna amai, duk suka zauna suna tura wa juna hoton da alamar mamaki. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo, kuma ba shi da wani suna sai rashin kunya.

Lahadi da yamma aka taru gindin bedi. Ba a kaɗa gita ba. Raihana tana can Atantane wajen uwarta, don haka ba mai ba da shaida. Rifkatu ta zauna a bakin benci, hannayenta cikin mayafi. Filibus ya miƙe da salula a hannu, fuskarsa kamar shi aka yi wa rashin.

"Bon. Ƴar'uwa, ba mu kira wanga reniyo don mu kunyata ki ba. Amma ke ce gaba gare mu, ƙanana suna kallonki. Wagga ke ce?"

"Ni ce."

"Addu'a ake yi lokacin?"

"Addu'a ake yi."

"Ke fa?"

Nan ne fa. Rifkatu ta ji zugin hannayenta a ƙarƙashin mayafi, kuma ta san abin da zai faru in ta fito da su. Duk ɗaliban jinya ne, kallo ɗaya ya ishe su. Za a ce ayya, za a yi dariyar jin kunya, wata ta ruga ta kawo bandeji, Filibus ya ba da haƙuri da Faransanci, ta ci gaba da shugabancinta. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Ita ta tara mutanen nan, tana son su, kuma ta san ranar da ta sauka aikin Alhamis ya mutu.

Amma me za ta ce da hannun? Za ta ce musu, ku kwantar da hankalinku, ciwo ne kawai, ban yi addu'a ba. Kuma ta yi. Za ta yarda ke nan cewa Kirista ya roƙi Allah a gidan maƙwabcinsa da ke kuka laifi ne da sai an nemo masa uzuri. Za ta yarda cewa duk Alhamis ɗin da Inna Tanna ta ja su gida-gida, ɓata ta koya musu. Kuma za ta ɗaga tafin hannu gindin itace a tafa mata, abin da ta bari tun tana yarinya. Ta ƙara cusa hannayen cikin mayafi.

"Na yi addu'a," ta ce.

Aka yi guna-guni. Filibus ya matso.

"Tare da su?"

"Kusa da su. Sun roƙi Allah yadda sunka sani, na roƙe shi yadda na sani, cikin sunan da ku da ni muke kira. Uban ƙawata ne ya mutu, Filibus. Mi kake so in yi, in tashi in koma bayan ɗaki sai sun gama?"

"Ba mu ga zuciyarki ba, hannunki munka gani. Wanda ya ga hoton ga mi zai ce? Zai ce shugabarmu ta shafa fatiha."

"To ka tambaye ni, ga ni. Ban shafa ba."

"Abu mai sauƙi ne," in ji shi, ya sassauta murya, wanda ya fi tsawa ban haushi. "Ki ce kin yi kuskure, kin tuba, ba ki sake zama cikin irin wanga taro. Shi ke nan, mu yi waƙa mu tashi."

"In ce na tuba da zuwa gaisuwar mutuwa?"

"Da abin da ya sa ƴan'uwa tuntuɓe."

"Ban tuba ba. In an yi rashi gobe gidan wani cikin ajinmu, da ni za a yi daka."

Sai aka ce a yi zaɓe, kuma a makarantar nan da ɗaga hannu ake zaɓe. Rifkatu ta zauna tana kallon hannaye suna tashi ɗaya bayan ɗaya, masu santsi, wasu da agogo, wasu da jan farce. Wasu sun ɗaga suna kallon ƙasa. Wata ƴar shekarar farko, wadda Rifkatu ta yi jinyar taifot ɗinta, ta ɗaga nata rabi kamar mai korar ƙuda, amma an ƙirga shi. Ƴan kaɗan ne suka bar nasu a cinya. Aka ce Rifkatu ta sauka, sakatare ya riƙe ƙungiya kafin sabon zaɓe.

Ba ta yi kuka a nan ba. Kukan sai da ta je ƙauye hutu ta zauna gaban Inna Tanna, wadda idonta ya riga ya tafi. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta lalubo hannunta ta shafa tabon da yatsa, ta tambaye ta ko geron Atantane ya yi kyau bana. Aikin Alhamis kuwa ya mutu kamar yadda Rifkatu ta zata, aka mai da ranar ta koyon waƙa. Ita dai ba ta fasa zuwa gindin bedi ranar Lahadi ba, tana zama a bencin baya, Alhamis kuma ta ɗauki bahonta ita kaɗai har ta gama makaranta. Haka take har yau a ƙasar Mayahi. In an yi rashi a ƙauyen, kafin ta buɗe gidan likita an riga an ji taɓaryarta.

Amma akwai abin da ya faru a ƙarshen taron nan wanda mutum biyu kaɗai suka sani. Da aka gama ƙirga hannaye, Filibus ya ce kada a tashi da ƙullin zuciya, a yi musafaha irin ta ƴan'uwa. Ya tako har gabanta a gaban kowa ya miƙo hannu. Ba yadda za ta yi. Ta zaro na dama daga mayafi ta ba shi, shi kuwa ya damƙe da ƙarfi irin na mai son a ga ya yafe. Ta cije leɓe. Ya ji danshi, ya sassauta, ya juya hannun kaɗan yadda jikinsa ya kare shi daga sauran. Ya ga jan nama, ya ga fatar da ta saluɓe, ya ga sauran man kaɗe a tsakanin yatsu. Ɗalibin jinya ne, kuma jikan masu daka ne. Ya gane nan take.

"Don mi ba ki nuna ba?" ya ce a hankali.

"Da na nuna, da kun bar ni don ciwo," in ji ta. "Ni kuwa na yi addu'ar."

Ta janye hannunta ta mai da shi cikin mayafi. Filibus ya tsaya yana duban nasa tafin. Mutane suna jira, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta juya taron. Ya goge hannun a wandonsa, ya ɗauki gita, ya ba da waƙar rufewa.